Abin da Baba Ya Rubuta a Alƙahira

Mutumin da ya tarbe mu a filin jirgin Alƙahira bai tambayi jikin Baba ba sai da ya fara karɓar fasfo ɗinmu. Sunansa Alhaji Tanimu, Bakano ne da ya daɗe a Masar yana yi wa marasa lafiya jagora zuwa asibitoci. Ya ce za a ƙara mana kwanakin biza ne, aikin kwana biyu. Na miƙa masa duka biyun, nawa da na Baba, har ina yi masa godiya.

Baba, wato Malam Bukar, manomi ne a Balan ta ƙasar Gaya, kuma shi ke rubuta wa mutanen unguwarmu wasiƙa da ajami tun kafin a haife ni. Shekara guda muryarsa tana dushewa muna cewa mura ce. Da muka je Kano likitoci suka ce ciwon daji ne a maƙogwaro, suka ba da shawara a fita da shi. Da 'yan uwa suka zauna, ni aka zaɓa in raka shi, don ni na yi boko, ina jin Turanci, ina kuma koyar da kwamfuta a wata sakandare a Gaya. Yayana Modu ya ce, "Habibu, kai ne idonmu da kunnenmu a can." A lokacin maganar ta yi mini daɗi.

Alhaji Tanimu ya yi mana alkawarin ɗaki kusa da asibiti, da kuma tafinta. Inda ya ajiye mu hawa na shida ne a wani tsohon bene, lifta ta mutu, asibitin kuma sai an shiga mota biyu. Daga hawa na uku goya Baba na yi. Ban san ya rame haka ba sai da na ji shi a bayana, ba nauyi ko kaɗan. Tafintan kuwa har na baro ƙasar ban ga fuskarsa ba.

Mai gadin benen wani dattijo ne mai doguwar jallabiya, ana ce masa Ammu Sabir. Ba ya jin Turanci, ni kuma Larabcina bai wuce sallama ba. Shi ya ɗauko jakarmu har sama, ya koma ya kawo mana shayi a ƙananan kofunan gilashi. Baba ya karanta masa wata aya da dusasshiyar muryarsa, shi kuma ya ƙarasa ta, suka yi dariya. Hirarsu ke nan ta farko, kuma ita ce ta ƙarshe.

Ana gobe tiyata likita ya zaunar da mu ya yi bayani da Turanci. Ya ce za a cire wurin da murya ke fitowa gaba ɗaya, za a huda wuya a bar ƙofar numfashi, kuma Baba ba zai sake magana irin tamu ba. Baba ya juyo ya dube ni.

"Me ya ce?"

"Ya ce muryar za ta ɗauki lokaci kafin ta dawo."

"Lokaci kamar yaya?"

"Sai yadda Allah ya yi, Baba."

Ya mayar da idonsa kan likitan. Da safe da aka zo tura shi ɗakin tiyata ya cire hularsa ya miƙo mini. "Riƙe min wannan, kada ka zauna a kanta." Maganar da na ji daga bakinsa ta ƙarshe ke nan.

Bayan aikin aka kai shi ɗakin masu tsananin ciwo. Sau biyu a rana ake barina in shiga, da hantsi da bayan la'asar, kowanne ɗan lokaci kaɗan. Sai na wanke hannu, na sa riga da takalmin leda. Ba a shiga da waya, ba a shiga da takarda ko biro, komai sai abin da ake iya gogewa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Baba na kwance an naɗe masa wuya, roba a hanci, roba a ƙofar da aka huda, ko kansa ba ya iya juyawa sosai.

A rana ta biyu wata nas ta kawo masa kwamfuta mai kamar allo, da alƙalaminta ɗaure da igiya. Don marasa lafiyar da ba sa iya magana aka tanade ta. A kan gilashin ake rubutu, ba sai an danna da ƙarfi ba. Da zarar mutum ya ɗaga alƙalamin na ɗan lokaci, sai manhajar da ke ciki ta ɗauke zanen hannunsa ta mayar da shi haruffan bugu, a ƙasa kuma ta fitar da fassara da Turanci. Ni da nake zana kwamfuta da alli a allon aji saboda ba mu da wuta, ban taɓa riƙe irinta ba. Na gwada rubuta sunana da boko, ya fito tsaf. Na ce, "Baba, ka ga ikon Allah? Duk abin da kake so ka rubuta, za ta gaya mana."

Baba bai iya boko ba. Da nas ɗin ta ga ya fara daga dama sai ta karɓa ta mayar da manhajar kan Larabci. Ya rubuta layi uku cikakku, hannunsa na rawa amma bai tsaya ba. Da ya ɗaga alƙalami rubutun ya ɓace, wasu kalmomin Larabci suka fito, fassarar kuma ta ce wani abu game da taga da raƙumi da shari'a. Nas ɗin ta karanta ta yi murmushi, ta nuna kanta da yatsa, wai maganin barci ne bai sake shi ba. Ya sake gwadawa, aka sake samun shirme.

Na san Hausa yake rubutawa. Amma tun ina aji uku na bar makarantar allon ƙofar gidanmu. Alƙur'ani ina karanta shi in bugu ne mai wasali, rubutun hannun Baba kuwa ban taɓa zama na koya ba. Kuma kafin in gane harafi biyu ya ɓace. Na ce a raina, bari ya ƙara samun ƙarfi tukuna.

A rana ta uku ya bar dogon rubutu. Kalma ɗaya ya rubuta, gajeriya. Wannan karon ba shirme. Haruffa uku suka fito manya, a ƙasansu da Turanci kalmar da ke nufin gobe. Idona kan Turancin ya tafi kai tsaye, ko kallon na saman ban yi ba. Da safen nan likita ya ce wataƙila washegari a canza masa robar hanci, sai na ɗauka ita yake tambaya.

"Gobe, Baba? To, gobe in Allah ya yarda."

Nas ɗin ma ta leƙo ta dafa gadon ta ce, "Bukra, ya Hajj." Haka suke cewa gobe a can.

Baba ya dubi allon, ya dube ni. Sai na ga fuskarsa ta saki. Ya kama hannuna ya matse, ya rufe ido. Na fita ranar da sanyin zuciya, har na kira gida na ce wa Iya, mahaifiyata, ai Baba ya fara magana da mu.

Washegari ina shiga ya nuna ƙafafunsa. Na ɗauka sanyi yake ji, na ja bargo na rufe masa su. Ya ture bargon da ƙafa, ya nuna kansa, ya nuna ƙofa. Na ce likita yana zuwa. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta kalmar nan, allon ya ce gobe. Na ce, "Eh, Baba, sun ɗaga ne, sai gobe." Ya daɗe yana kallona. Haka muka yi a rana ta biyar, haka a ta shida.

Tsakanin shigar hantsi da ta la'asar ba ni da wurin zuwa. In na koma masauki lokaci zai ƙure a hanya, sai in zauna a gindin katangar asibitin in ci gurasa da dafaffen wake har suka fita raina. Wata rana mai tasi ya zaga da ni gari ya sauke ni a wani asibiti daban, da na yi magana ya daka mini tsawa da yaren da ban ji, mutane suka taru suna kallona. Ranar na rasa shigar hantsi. A gida kuwa damina ta kankama. In Yaya Modu ya kira ina jin ruwa yana dukan kwanon ɗakinsa, ni kuma ina zaune a garin da ko gajimare ban gani ba. Ba abin da nake so kamar tuwon dawa da miyar kuka, da in ji wani ya ce mini sannu da Hausa. Na kira Alhaji Tanimu ba adadi. In ya ɗauka sai ya ce yana filin jirgi zai kira ni. In na koma da yamma nakan tarar Ammu Sabir ya ajiye mini kwanon miyar adas, wani ƙanƙanin wake nasu, a bakin ƙofa an rufe da faranti. Matarsa ce ke dafawa, ban taɓa ganinta ba.

A rana ta bakwai likita ya tare ni a bakin gadon Baba. Ya ce ɗinkin ciki ya buɗe, wurin ya fara ruwa, dole a sake shiga a gyara, kuma da safe za a yi. Na fita na kira Yaya Modu. Ya ce, "Kai ke ganinsa. Abin da likita ya ce shi za a yi." Na dawo na durƙusa kusa da kunnen Baba.

"Za su ɗan sake gyara wurin ne, Baba. Ƙaramin aiki ne."

Ban taɓa ganin ya fizgi abu kamar yadda ya fizgi alƙalamin nan ba. Ya cika allon da rubutu, ya ɓace, shirme ya fito. Ya sake cikawa. Numfashinsa yana fita ta ƙofar wuyan da wani irin sauti. Sannan ya rubuta gajeriyar kalmar nan sau uku a jere.

Likita ya leƙa ya ce mini da Turanci, "Ka gani? Gobe, gobe, gobe. Shi ma ya ƙosa a yi."

Ya karɓi allon daga hannun Baba, ya buɗe takardar amincewa a ciki, ya miƙo mini. Da alƙalamin da Baba ya gama rubutu na sa hannu, ɗumin yatsunsa ma bai bar jikinsa ba. Da na mayar masa sai ya saki alƙalamin ya faɗi yana lilo a igiyarsa. Ya juya idonsa wajen bango. Na yi masa sallama bai dube ni ba.

Aikin na biyu ya fi na farko daɗewa, kuma bayansa Baba bai farfaɗo ba. Kwana biyu ina shiga in tsaya a kansa in fito.

A rana ta biyun, bayan azahar, ina zaune a ƙasa a barandar ɗakin sai wata mata ta zo tana tura keken da ake jera allunan. Sunanta Huda, ita ke tattara su ta goge ta sa musu caji. Tana jin Turanci kaɗan. Ta tsaya ta ce, "Kai ne ɗan Hajj na gado na huɗu?"

Na ce ni ne.

"Rubutun babanka yana da kyau. Kamar tsohon Alƙur'anin mutanen Magrib, Larabawan yamma. Amma ba Larabci ba ne, ko? Na yi ta karantawa ban gane ba."

Na ce, "A ina kika ga rubutunsa? Ai ɓacewa yake yi."

"Ba ya ɓacewa. Ɓoye shi take yi."

Ta zaro allon gado na huɗu ta zauna kusa da ni. Ta ce manhajar tana ajiye kowane zane da aka yi, da inda alƙalami ya fara da inda ya tsaya. Abin da take nunawa a fili kuwa hasashenta ne kawai, ta duba kalmomin Larabcin da ta sani ta zaɓi wadda ta fi kama. Ta nuna mini yadda Baba ke sa ɗigon harafin fa a ƙasa, ta ce manhajar ba ta san wannan ba, kuma wasali ma zubar da shi take yi, don Larabawa ba su cika rubuta shi ba. Ta buɗe shafin ranar da na sa hannu, ta ɗora yatsa a kan kalmar nan ta riƙe.

Haruffan bugun suka kau. Sai ga hannun Baba yana rubutu a gabana, ba shi ba alƙalami, baƙin layi kawai yana tafiya a hankali yana rawa yadda ya yi a ranar. Ga harafin farko, gainun ta fito. Ya sa mata wasali a ƙasa. Dalun ta fito, ya sa mata wasali a sama. Sannan alifun. Na haɗa su da baki kamar ɗan shekara shida.

"Gi. Da."

Huda ta ce, "Mene ne?"

Gainun, dalun, alifun: da Larabci gobe ke nan, manhajar ba ta ɓata harafi ko ɗaya ba. Shi ya sa Baba bai taɓa zargin allon ba. In ya duba, abin da ya rubuta shi yake gani. Ya ce mini gida, na ce masa gobe. Takalmansa yake nema ranar da na rufe masa ƙafa, da hularsa.

Na ce, "Gida yake cewa. Tun farko gida yake cewa."

Ta rufe baki da hannu. Na roƙe ta ta tura mini shafukan a waya. Ta ce ba ta da iko, abin da ke ciki na asibiti ne, kuma ranar da mara lafiya ya bar gadon ake share shi. Sai ta ajiye allon a cinyata, ta tashi ta gyara kekenta ta yadda zai kare ni daga masu wucewa, ta juya mini baya tana goge sauran. Na fito da wayata na ɗauki hoton kowane shafi. Wasu sai da na ɗauka sau uku. Da na gama ta karɓa ta tafi, ba ta jira godiya ba.

Gajerun kalmomi na iya haɗawa, dogayen layukan kuwa sun fi ƙarfina. Mutum ɗaya na sani da ke karanta hannun Baba kamar nasa, Malam Ilu na Ajingi, abokinsa tun suna samari, wanda suka shekara arba'in suna aika wa juna wasiƙa ta hannun 'yan kasuwa. Na tura wa Yaya Modu hotunan. Sabis ɗin Balan bai iya sauke su ba, sai da ya hau mashin ya je Gaya, daga can ya wuce Ajingi cikin ruwa.

Washegari da rana saƙon murya ya shigo. Ina gindin katangar nan na kunna. Na ji kaji, na ji wani mashin ya wuce, sannan Malam Ilu ya gyara murya.

"Habibu, ni ne Ilu. Modu ya kawo mini. Zan karanta maka yadda ya rubuta, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Na farko ya ce, ruwan da suke ɗura mini sanyi gare shi. Ya ce, ƙafata ta hagu tana ƙaiƙayi ban iya kaiwa. Na biyu ya ce, a gaya wa Modu kada ya bar gonar fadama sai ciyawa ta ci ta. Ya ce, Habibu, na san muryar ba za ta dawo ba, na gani a fuskar likitan, kada ka damu."

Ya tsaya. Na ji Yaya Modu yana ce masa ga na gaba.

"Wannan ya ce, na ji a jikina wannan ba ta tashi ba ce. Ka kai ni gida tun ina gane mutane. Sai wannan, mai yawan. Ya ce, kada ka bari su sake yanka ni. Ban yarda ba. Ban yarda ba. Ka kai ni gida." Malam Ilu ya ja numfashi. "Akwai layi ɗaya a ƙasa. Modu ya ce kada in karanta, amma amana ce. Ya ce, kullum kana ce mini gobe, ni ban san ka da ƙarya ba."

Saƙon bai ƙare nan ba, amma ba wanda ya sake magana a cikinsa, sai kajin.

Na tashi na shiga na nemi likita. Na ce masa zan tafi da mahaifina gida. Ya ce ba jirgin da zai ɗauki mutum a wannan hali, kuma shi ba zai sa hannu a takardar tafiya ba. Na gaya masa maganar allon, na nuna masa hoton, na nuna masa wasalin. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin baƙin ciki ne, amma ko da an fahimta aikin dole ne a yi shi, in ba haka ba da Baba bai kai yanzu ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Na ce, "Amma da shi zai zaɓa." Ya dafa kafaɗata, aka kira shi ya tafi.

Ko da ya sa hannun ma, ba mu da fasfo. Na kira Alhaji Tanimu wayarsa a kashe. Ammu Sabir ya raka ni har wata unguwa da Hausawa ke zama, muka yi ta tambaya shago shago. Wani mai sayar da turare ɗan Damagaram ya ce ya san shi, kuma ba mu ne na farko da muka zo nemansa ba. Ya zaunar da ni, ya ba ni ruwa, ya ce zai bi mini. Bayan kwana uku ya kira ni na je na karɓi fasfo ɗinmu a cikin baƙar leda. Na buɗe, ba hatimi, ba komai. Ko ofishin ba a kai su ba.

A cikin kwanakin nan Baba ya buɗe ido sau ɗaya ina wurin. Na durƙusa na sa bakina a kunnensa.

"Baba, na karanta. Gida ka ce. Wallahi ban gane ba ne, allon ne yake nuna mini gobe. Ba ƙarya nake maka ba. Malam Ilu ya karanta mini duka. Ka yafe mini, Baba."

Idonsa yana kaina, amma ban san ko ni yake gani ba. Na sa masa alƙalamin tsakanin yatsu, na tallafi allon. Yatsun ba su kama ba. Na sosa masa ƙafar hagu har nas ta zo ta ce lokaci ya yi. Mutane da yawa sun ce mini ai ya ji, wai ji shi ne ke barin mutum a ƙarshe. Ina amsa musu da to, amma ban sani ba.

Ya rasu ranar wata Talata bayan azahar. Kafin in gama sa hannu a takardun gawa an riga an canza zanin gadon, an ɗauke allon.

Mai turaren nan ne ya tara mutane. Shi da ni da wani dattijo ɗan Sudan muka yi masa wanka. A wani masallaci aka yi masa sallar jana'iza bayan la'asar, mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba suka cika sahu uku. Maƙabartar tana can bayan gari cikin rairayi, kuma kabarinsu ba irin namu ba ne, ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa mai matakala, a kwantar da mutum a rufe ƙofa. Na sauka da shi, na kwantar da shi ya fuskanci alƙibla. Na nemi ƙasar da zan zuba ban ga inda ake zubawa ba. Ammu Sabir ne ya kamo hannuna ya fito da ni.

Saboda bizar da ta ƙare sai da na ƙara mako biyu ina yawon ofisoshi kafin a bar ni in fita. Da na iso Balan an riga an yi sadakar bakwai, gero ya fara fitar da kai. Maza suna zaune a ƙofar gida, na gaisa da su na shige.

Iya tana ɗakinta cikin takaba, a kan tabarma. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni wa ya yi masa wanka, na gaya mata. Ta tambayi ko an samu jama'a, na ce sahu uku. Ta ce alhamdulillahi. Sannan ta ce, "Modu ya ce Malam ya bar rubutu."

"Ya bari, Iya."

"Akwai sunana a ciki?"

Na riga na gaji da gyara wa mutane magana. Na ce, "A cikin waɗanda aka karanta babu. Amma akwai shafi ɗaya da ko Malam Ilu ya kasa. Hannun ya yi rawa da yawa, layukan sun hau juna."

"Nuna mini shi."

Iya ba ta karatu, ko na ajami ko na boko. Na nemo hoton na miƙa mata wayar. Ta karɓa da hannu biyu, ta matso da ita kusa da fuskarta, ta daɗe tana kallo.

"Yana da yawa," in ji ta.

"Layi biyar ne."

"To, wannan kada a ƙara kai wa kowa. A bar mini shi."

Hasken wayar ya ɗauke. Ta miƙo mini ba tare da ta saki ba. "Kunna min."

Na taɓa gilashin, rubutun ya dawo. Na matsa na zauna a gefen tabarmar. A waje ana kiran la'asar, maza suna tashi, ni ina nan kusa da ita, duk sanda hasken ya ɗauke in miƙa yatsa in taɓa.